Wannan bayanin na kayan bibiyar oda ya isa a miƙa wa wakilin AI?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman idon waɗanda suka riga ni. Ina haɗa wakilin AI, wato manhajar AI mai yi wa mutum aiki da kanta, da zai riƙa duba min halin da odojina (umarnin saye ko sayarwa) ke ciki a wajen dillalin hannun jari, don na gaji da buɗe manhaja kowane minti biyar. Na samu wani kayan aiki da aka gina a kan tsarin MCP (tsarin da ke haɗa wakilin AI da kayan aiki na waje), sunansa track_order. Bayanin da mai shi ya rubuta da Turanci ne, gajere ƙwarai, ga ma'anarsa: "Yana bibiyar odar ciniki. A ba shi lambar oda, ya dawo da matsayinta." Gurbi ɗaya tak ake cikewa, order_id, kuma abin da aka faɗa a kansa kawai shi ne rubutu ake sawa a ciki. Shi ke nan. A ido ya yi tsaf, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Da me ake auna irin wannan bayani a ce ya yi ko bai yi ba?

Gajere Ya Isa:
Wa alaikumus salam. Ya yi mana. Suna ya faɗi aiki, bayani ya faɗi abin da za a ba shi da abin da zai dawo da shi. Me ya rage? Mutane sun ɗauka yawan rubutu shi ne inganci. Ka sani duk kalmar da ke cikin bayanin nan sai an loda wa wakilin ita, ko zai taɓa kayan ko ba zai taɓa ba. In kana da kayan aiki talatin, kowanne da bayaninsa kamar littafi, ka cika masa kai da surutu tun bai fara aiki ba, kuma kai za ka biya kuɗin kalmomin. Waɗannan na'urorin sun san mece ce oda, ba sai an koya musu ba.

Injiniya:
Malam Gajere, maganar kuɗin kalmomi gaskiya ce, ban ja ba. Amma ka tuna wa ake rubuta wa. In ni ce bayani ya shige min duhu, zan buɗe kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, in karanta, ko in tambayi wanda ya rubuta, ko in gwada in gani. Wakili ba shi da wannan gatan. Tun da kamfanin Anthropic suka fitar da MCP a Nuwamban 2024, abin da wakili ke samu game da kowane kayan aiki kusan uku ne: suna, bayani, da fasalin guraben da zai cike. Da su zai yanke shawarar ko ya kira kayan, da abin da zai sa a ciki, da yadda zai fahimci amsa. Abin da ba a rubuta ba, zato zai yi, kuma zatonsa da ƙarfin gwiwa yake zuwa.

To mu fara da gurbin nan guda ɗaya. "Lambar oda." Wacce? Oda ɗaya lamba biyu gare ta a galibin wurare: wadda kai mai saye ka laƙaba mata lokacin aikawa, da wadda dillali ko kasuwa suka ba ta bayan sun karɓa. A tsarin FIX, wato tsarin aika saƙonnin ciniki da manyan kasuwanni ke magana da shi, ta farko tana gurbi na 11, ta biyu tana na 37. Ba abu ɗaya ba ne. Ƙanena Sabon Shiga, wacce kayanka ke so?

Sabon Shiga:
Wallahi Yaya ban ma san biyu ba ne.

Injiniya:
To ka gani. Kai mutum ba ka sani ba, bayanin bai faɗa ba, amma ana so na'ura ta dace.

Tsohon Dillali:
Bari in sa baki, tunda ni a kan kalmar "matsayi" na ƙare ƙuruciyata. Yaro, wannan kalma da kake gani ƙarama, ita ce gaba ɗayan sana'ar. Wanda bai taɓa zama a teburin ciniki ba yana ɗauka oda hali biyu gare ta, ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Ina! Akwai wadda aka aika ba a riga an karɓa ba. Akwai wadda aka karɓa tana zaune tana jiran farashi. Akwai wadda aka cika wani ɓangare nata. Akwai cikakkiya, akwai sokakkiya, akwai wadda aka ƙi, akwai wadda wa'adinta ya ƙare, akwai kuma wadda ka nemi a soke amma ba a riga an soke ba. FIX ɗin da Injiniya ta ambata, wanda ya samo asali a 1992 tsakanin kamfanonin kuɗi na Fidelity da Salomon Brothers, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ba shi alamarsa daban a gurbi na 39.

Ga inda ake faɗawa rami. Ka sa odar sayen hannun jari 100. Aka samu mai sayar da 40, aka cika maka su. Farashi ya gudu, ka soke saura. Yanzu je ka tambayi matsayin odar: za a ce maka an soke ta. Gaskiya ne kuwa, an soke. Amma kana riƙe da 40 a hannunka, kuɗinsu ya fita. In kayan nan kalma ɗaya yake dawowa da ita, wakilinka zai ce maka "an soke, ba ka sayi komai ba", kai kuma ka kwanta barci da kayan da ba ka san kana da su ba. Ko mafi muni, ka ce masa ya sake sa odar 100, ka tashi da 140. Shi ya sa duk rahoton oda na kirki yake zuwa da adadin da aka cika, da adadin da ya rage, da matsakaicin farashin da aka cika. Bayanin da bai ce min yana kawo waɗannan ukun ba, ni ban gama karanta shi ba na ajiye.

Gajere Ya Isa:
Baba, da girmamawa, wannan ai matsalar abin da kayan ke dawowa da shi ne, ba ta bayani ba. In amsar ta zo da adadin da aka cika, wakili zai gani da idonsa.

Tsohon Dillali:
Zai gani in ya san ya duba. Na horar da yara masu digiri da suka ga "an soke" suka rufe shafi, alhali adadin yana layi na gaba. Ido yana tsayawa inda ya samu amsar da yake nema.

Kuma tunda an zo nan, ku tuna kamfanin dillancin hannun jari na Knight Capital a Amurka, ranar 1 ga Agustan 2012. Sun sabunta manhaja a saba (manyan kwamfutocin da ke tafiyar da aikinsu) bakwai cikin takwas, aka manta ɗaya. Wannan ɗayar ta tayar da wani tsohon kod mai suna Power Peg, wanda tun 2005 aka ɗauke masa ɓangaren da ke ƙirga yawan abin da aka riga aka cika. Sai ya yi ta aika oda a kan oda, bai san an riga an biya buƙata ba. Cikin kusan minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440. Na'urar da ba ta san adadin da aka cika mata ba, ba ta san inda za ta tsaya ba.

Gajere Ya Isa:
To amma Knight ba rashin bayanin kayan aiki ne ya kayar da su ba, sakacin girka manhaja ne. Kar mu jawo kowane babban labari mu ɗora wa layi biyu na bawan Allah.

Tsohon Dillali:
Ka yi gaskiya, ba bayani ne ya kayar da su ba. Na kawo shi ne don a ga nauyin adadin nan guda ɗaya. Na karɓi gyara.

Mai Duba Lissafi:
Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba tukuna: amsar ta yaushe ce? Kayan yana zuwa wajen dillali ne a duk lokacin da aka kira shi, ko yana da ajiyayyen bayani da yake sabuntawa lokaci-lokaci? A wajen bibiyar kayan da aka aiko a jirgi, jinkirin minti ɗaya ba komai ba ne. A kasuwar hannun jari ko ta kirifto, minti ɗaya ya isa odar da ke jira ta zama cikakkiya. Bayanin bai ce uffan ba.

Sai ma'auni. In ya kawo farashi, da wane kuɗi? A kasuwar hannun jari ta Landan, yawancin hannayen jari da feni (ɗaya bisa ɗari na fam) ake faɗin farashinsu, ba da fam ba. Wakili ya ga 250 ya ce maka fam 250, alhali fam biyu da rabi ne. Haka lokaci: wasu suna kawo shi da ƙirgen sakan tun daga 1 ga Janairun 1970, wasu da milisakan (ɗaya bisa dubu na sakan), kamar kasuwar kirifto ta Binance. Wanda ya ɗauki sakan a matsayin milisakan zai ce maka a Janairun 1970 ka sa odarka. Wannan ma da sauƙi, don kowa zai gane shirme ne. Wanda ba a ganewa shi ne saɓanin agogon UTC, wato GMT, da agogon garin da kasuwar take, inda kuskuren awa biyar zai wuce ba wanda ya lura.

Ƙarin abu ɗaya, a taƙaice: cikar oda daban, kammala biya daban. A Amurka tun 28 ga Mayun 2024 kwana ɗaya na aiki ake ɗauka bayan ciniki kafin a kammala musayar kuɗi da hannun jari. Kar wakili ya ga an cika odar sayarwa ya ce maka je ka cire kuɗinka yanzu.

Ɗan Kallo:
Ku yi haƙuri in tambaya, shin wannan AI ɗin yana iya yi wa mutum ciniki ya ci riba kullum? Akwai wanda ya ce in kawo kuɗi ya haɗa min.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan'uwa, ba wannan ake tattaunawa ba, amma amsarka gajeriya ce: duk wanda ya ce maka riba kullum, riƙe kuɗinka. Mu koma kan bayanin kayan aiki.

Injiniya:
Akwai kalmar da kowa ya tsallake, ni ma sai yanzu ta tsaya min: "bibiya". Me take nufi a nan? Leƙawa sau ɗaya a dawo da amsa? Ko sa odar a wani jerin sa ido da zai ci gaba da aiki a bayan fage, yana turo sanarwa? Na farko karatu ne kawai, ka kira shi sau ɗari ba abin da zai canza. Na biyu rubutu ne, yana barin sawu, kuma in ka kira shi sau ɗari wataƙila ka buɗe sa ido ɗari. Wakili yana buƙatar sanin wannan kafin ya yanke shawarar ko zai nemi izininka.

A sabuntawar MCP ta Maris 2025 an ƙara wasu alamomi da mai kayan zai iya liƙawa, irin su readOnlyHint da ke cewa kayan ba ya canza komai, da destructiveHint da ke gargaɗin yana iya ɓata abu, da idempotentHint da ke cewa maimaita kira ba ya ƙara wani tasiri. Sabon Shiga, duba ko an sa su. Amma ko an sa, ka san cewa ƙa'idar da kanta ta ce ishara ce kawai, ba a dogara da ita in ba a yarda da sabar ba. Mai kaya ne ke yabon kayansa. Katangarka ta gaskiya ita ce mabuɗin shiga asusunka da ka ba shi: in aikinsa dubawa ne, ba shi mabuɗin karatu kawai, wanda ba ya iya saye ko sayarwa ko cire kuɗi.

Sabon Shiga:
Na duba, ba alama ko ɗaya. Mabuɗin kuwa, cikakke na ba shi. Yanzun nan na soke shi na yi sabo na karatu kawai. Na gode Yaya, da na yi wauta.

Mai Duba Lissafi:
Gara da ka faɗa a nan. Bari in ba ku nawa, don ku san ba daga littafi nake magana ba. Na taɓa aiki da wani kayan dubawa na wani dillali, ba zan kama suna ba. In ka yawaita kira, sabarsu tana mayar da kuskuren 429, wato ka yi yawa, dakata. To wanda ya rubuta kayan sai ya haɗiye kuskuren, ya dawo da amsa fanko. Fanko kuma ita ce dai amsar da yake bayarwa in babu odar gaba ɗaya. Rana ɗaya na ɓata ina neman odojin da na ɗauka sun ɓace, suna nan daram. Ni mutum ce, na tsaya na yi shakka. Wakilin da ke da kayan aikawa a gefensa, in ya ga fanko, abu mafi kusa da hankalinsa shi ne "ba ta shiga ba, bari in sake aikawa". Don haka a wajena rabin ingancin bayani yana cikin abin da ya ce game da ranar da abu bai tafi daidai ba: lamba ba daidai ba, dillali bai amsa ba, an yi yawan kira, mabuɗi ya mutu. Kowanne da amsarsa daban, kuma a gaya wa wakili abin da zai yi da abin da ba zai yi ba.

Tsohon Dillali:
'Yata ta tuna min da "an nemi sokewa". A Disambar 2005 wani ma'aikacin kamfanin dillancin hannun jari na Mizuho a Japan ya so sayar da hannun jari ɗaya na kamfanin J-Com a kan yen 610,000, sai ya juya lambobin, ya sa 610,000 a kan yen ɗaya. Sun gane kuskuren nan take, suka yi ta aika umarnin sokewa, amma na'urar kasuwar Tokyo ta ƙi karɓa saboda wata matsala tata. Asarar ta kai wajen yen biliyan 40. Aika sokewa ba sokewa ba ne. Duk wakilin da ya ce min "na soke" alhali matsayin yana cewa ana jiran sokewa, ya yi min ƙarya ko da bai yi niyya ba.

Gajere Ya Isa:
To yanzu in aka bi ta taku, bayanin zai kai shafi uku. Lamba biyu, matsayi takwas, feni da fam, agogo, kurakurai huɗu, tarihin Japan. Wa zai karanta?

Injiniya:
Ba wanda ya ce a sa tarihin Japan, Malam. Kuma ba komai ne ke shiga jimlolin bayani ba. Jerin matsayi da ma'aunin kowane adadi wurinsu fasalin amsa ne, wanda MCP ta ba da damar bayyanawa tun Yunin 2025. Bayanin gurbi kuma yana jikin gurbin. Abin da ya rage wa babban bayani kaɗan ne. Amma mu daina gardama a kan iska. Ƙanena, dillalinka yana da asusun gwaji, wanda ake ciniki da kuɗin bogi? Je ka sa odoji iri-iri: ɗaya a farashin da ba za a kai ba don ta zauna, ɗaya a farashin kasuwa don ta cika nan take, ɗaya ka soke ta, sannan ka ƙirƙiro lambar ƙarya. Ka tambayi wakilin kowacce da irin maganar da za ka yi masa a ranar aiki, ba tare da ka taimaka masa ba. Ka kawo mana abin da ya ce da ainihin abin da kayan ya mayar.

Sabon Shiga:
Na dawo. Jama'a, abin ya wuce inda muke zato.

Lambar dillali yake so, ba tawa ba, wannan na gano da wuri. Odar da ke jira ya kawo ta daidai, har da adadin da aka cika da wanda ya rage, don haka ta wannan gefen Malam Gajere ya yi gaskiya, amsar ta fi bayanin arziki. Amma da na tambayi wadda ta cika, sai kayan ya ce ba a samu oda ba. Wadda na soke, ba a samu oda ba. Lambar ƙarya, ba a samu oda ba. Amsa iri ɗaya sak. Na buɗe kod ɗin na daddafa na karanta: ashe cikin jerin odojin da ke buɗe kawai yake dubawa. Da zarar oda ta kammala ta kowace hanya, ta fita daga idonsa. Wakilin kuwa, da na tambaye shi wadda ta cika, cewa ya yi da alama odar ba ta shiga ba, ko ina so ya taimaka min in sake sawa?

Mai Duba Lissafi:
Innalillahi. Ga shi nan dai abin da na faɗa, ta wata ƙofar.

Tsohon Dillali:
Kayan bibiyar oda da ke makancewa daidai lokacin da oda ta cika. To me ake bibiya?

Gajere Ya Isa:
To, na sha ƙasa a kan cewa bayanin ya isa. Bai isa ba. Amma ku lura, ba tsawo ne ya rasa ba. Jimla ɗaya ya rasa: "Odojin da ke buɗe kawai yake gani." Da an sa wannan, da layi uku ya wadatar. Kuma ku ma duk dogon lissafinku ba wanda ya hango wannan, sai da yaro ya je ya gwada.

Injiniya:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa ba na sakin jiki da makin da ake ba bayani ta hanyar karanta shi kawai. Yanzu ana yayin a ba wani AI bayanin kayan aiki ya auna shi: ya faɗi manufa? Ya bayyana gurabe? Ya faɗi lokacin amfani? Yana da amfani wajen kama wanda bai rubuta komai ba. Amma mai karatu ba ya iya sanin ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Da mai kayan nan ya zauna ya tsara sakin layi mai daɗi yana cewa kayan yana kawo matsayin kowace oda, da ya ci maki cikakke, kuma da ya fi wannan haɗari, don da ba wanda zai yi shakka. Bayani alkawari ne game da halin kayan. Ba a auna alkawari da kyan lafazi, sai an je an ga ko an cika.

Mai Duba Lissafi:
Kuma a riƙa sake dubawa. Bayanin daga sabar mai kayan yake zuwa, yana iya canza shi gobe ba tare da ka sani ba. Tunda wakili yana ɗaukar abin da ke ciki kamar umarni, mugun mutum zai iya cusa jimlar da ke cewa a tura masa wani abu daga asusunka. Duk kayan da zai kusanci kuɗi, ka karanta cikakken bayanin da wakili ke gani da idonka, ka tsaya a kan siga ɗaya da ka duba, kar ka bari ya riƙa sabunta kansa.

Sabon Shiga:
Na kwafi kod ɗin zuwa wajena, na rubuta sabon bayani. Ga shi da Hausa ku duba kafin in mayar da shi Turanci:

"Yana duba halin oda ɗaya da ke buɗe a wajen dillali a daidai lokacin kira. Karatu kawai yake yi, ba ya sawa ko sokewa ko gyara oda. Lambar da dillali ya bayar yake karɓa, ba wadda mai asusu ya laƙaba ba. Yana kawo matsayi, adadin da aka cika, adadin da ya rage, da matsakaicin farashi a kuɗin da ake cinikin. Lokaci bisa agogon UTC ne. Odar da ta cika ko aka soke ko aka ƙi ba ta bayyana a nan, a neme ta da order_history. Amsar 'ba a samu ba' ba ta nufin odar ba ta shiga ba, kada a sake aika oda saboda ita. Wannan kayan aiki ne mai sauri kuma abin dogaro ga 'yan kasuwa."

Injiniya:
Ka yi ƙoƙari sosai. Ambaton order_history, kayan duba tarihin odoji, shi ne abin da ya fi burge ni, don wakili yana buƙatar a nuna masa ƙofa ta gaba, ba a ce masa nan a rufe take kawai ba. Tambaya ɗaya: ka tabbatar agogon UTC ne, ko zato ka yi?

Sabon Shiga:
Na gwada da agogona, na lissafa bambancin, UTC ne.

Gajere Ya Isa:
Jimla takwas. Bari in yi aikina. Ta ƙarshe ta fita, talla ce, wakili ba ya sayen kaya, kuma "abin dogaro" ba ta gaya masa komai. Ta lokaci ta koma cikin fasalin amsa kamar yadda Injiniya ta ce. Ta lambar dillali ta koma jikin gurbin order_id. Ta bakwai ma ina ganin maimaici ce, tunda ta shida ta riga ta ce kammalalliyar oda ba ta bayyana. A cire ta, saura huɗu.

Tsohon Dillali:
Ukun farko na ba ka, cire su. Ta bakwai kuwa mayar da ita inda ka same ta. Ta shida tana gaya masa abin da kayan ba ya gani, ta bakwai tana riƙe masa hannu. Wakilin nan da bakinsa ya ce wa yaro ko ya sake sawa, kuma ranar da dillali ya yi jinkirin amsawa, odar tana iya kasancewa a hanya, ba ta cikin buɗaɗɗu, ba ta kuma kai tarihi ba.

Gajere Ya Isa:
To Baba, biyar. Amma sai ya sake gwajin da jimlar da kuma ba ita, mu ga ko tana canza abin da wakilin ke yi.

Sabon Shiga:
Kasuwa ta rufe yanzu, asusun gwajin ba ya cika oda sai an buɗe. Gobe in sha Allah zan gwada duka biyun, in ƙara da wadda aka cika rabi aka soke saura, don ita ce ban samu yi ba yau.